Yadda Bah Donbok Ya Wanke Kaset ɗin Hankakin Mawlai

Duk wanda ya taɓa shan shayi a shagona na unguwar Mawlai a birnin Shillong ya san kujerar da ke gefen murhu tana da mai ita. Ta Bah Donbok ce (a wurinmu Bah kamar malam ne, Kong kuma malama). Ba saya ya yi ba, ba gado ya ci ba. Daƙiƙa arba'in na kiɗan jita ne suka ɗora shi a kanta, ya kuwa shekara arba'in bai sauka ba.

Ga yadda abin yake. A 1982 wasu samari huɗu 'yan unguwarmu, masu gashi har kafaɗa da wando mai share titi, suka kafa ƙungiyar kiɗan rok mai suna Hankakin Mawlai. Kaset ɗaya tak suka taɓa fitarwa, Ruwa a Kan Kwano. A falon gidan su mawaƙinsu, marigayi Bah Banshan, suka ɗauke shi, damina ta yi tsakiya. A cikin waƙa ta uku akwai inda kowa ke yin shiru, jita ta yi ta kuka ita kaɗai, ruwan sama na dukan rufi a bayanta. Nan Shillong yaro yakan iya jita kafin ya iya ɗaure takalminsa, saboda haka ba a wasa da irin wannan. Har gobe direban tasi yakan rage gudu idan waƙar ta zo wurin. A bayan kwalin kaset kuwa an rubuta ɓaro-ɓaro: jita, Donbok Warjri.

Da wannan layi guda mutumin nan ya cinye garin nan. Shi ne alƙalin gasar kiɗa ta makarantu, shi ne a sahun gaba a kowane biki, ko jana'iza ya zo sai an matsa masa. Amma ka ce ya kaɗa maka wurin nan ko sau ɗaya, sai ya ɗaga hannu ya ce ƙofar tasi ta datse masa yatsa. Wata rana yatsan dama ne, wata rana na hagu. Mu dai muka ce manya haka suke.

Sannan kunnen Bah Donbok ya daɗe da yin ritaya. Kowa ya sani, shi kaɗai ne labarin bai iske ba. Ka kuskura ka yi masa maganar asibiti, ranar sai ka ji tarihin kakanninka.

Ran nan ya faɗo shago da hantsi, ya buga tebur har cokula suka yi tsalle.

"Kong Daphi, bar tukunyar nan ki saurara! Bana kaset ɗinmu ya cika arba'in. Zan wanke shi tas, in fitar da shi a faifan zamani, sauti garau kamar yau aka yi shi. Har da waƙoƙin ƙari a ƙarshe, yadda manyan London suke yi."

Bah Lam, tsohon mai gangar ƙungiyar, wanda daga shi sai Donbok suka rage a raye, ya ajiye kofinsa a hankali.

"Wa zai wanke?"

"Ni mana! Akwai kunnen da ya kai nawa a garin nan?"

Wani direba ya ƙware da shayi, sai da na buga masa baya.

Matsalar ita ce uwar kaset ɗin, wato babban faifan zaren da aka kwafi sauran daga jikinsa, tana hannun Kong Rilang, ƙanwar marigayi. Ita ce autar gidansu, don haka bisa al'adarmu gida da duk abin da ke cikinsa nata ne, ko ludayi ba ya fita sai ta yarda. Mace ce mai shiru-shiru, tsohuwar malamar firamare, daga coci sai kasuwa. Sau uku Donbok yana zuwa, sau uku tana ba shi shayi ta sallame shi. A na huɗu ya kwaso mai unguwa da fasto, suka yi mata ca a kan wai abin alfaharin unguwa ne. Kashegari ta kawo faifan shagona da kanta, a cikin gwangwanin biskit, ta sunkuya daidai kunnensa ta ɗaga murya.

"Bah Donbok, ga shi. Muryar yayana ce, babu wata. Sharaɗina ɗaya ne. Ka zauna kai kaɗai, ka saurare shi daga farko har inda zaren ya ƙare, kafin kowa ya ji. Har ƙarshe na ce, ka ji ni?"

"Haba Kong! Ni za ki koya wa sauraro? Abin da na kaɗa da hannuna?"

Ta daɗe tana dubansa. Bah Lam kuwa ya duƙufa yana juya shayin da sukarinsa ya narke tuntuni.

"Na dai faɗa maka," in ji ta, ta ɗauki laimarta ta fita.

Da aka buɗe gwangwani, sai ga abin da damina arba'in ta Shillong take yi wa kaya. Zaren ya yi funfuna, ya manne da juna. Donbok ko gezau.

"Ƙaramin abu ne. Masana a Turai gasa shi suke yi a tanda, da wuta kaɗan-kaɗan, danshin ya fita."

"Kana da irin tandar tasu?" na tambaye shi.

Idonsa yana kan ragar da ke rataye bisa murhuna, inda nake bandar naman shanu.

"Ko da wasa!" na ce. "Bah, ka ji ni ko ba ka ji ba, ko da wasa!"

Ina tafiya kasuwar Iewduh ya tura shi can bayan nama, inda idona ba ya kaiwa. Kwana biyu muryar marigayi tana shan hayaƙi, kitse na ɗiga mata. Abin haushi, danshin ya fita kuwa, zaren ya saki. Wayyo, zo ka ga tafiya! Ya fito ƙofar shago ya ɗaga faifan sama yana nuna wa direbobin tasi, ya zaro bakin zaren ya naɗe a yatsa don su ga ba ya mannewa.

"Kun gani? Ilimi ke nan. Wasu sai sun hau jirgi kafin su iya wannan."

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne Sarja, karen bakaniken da ke maƙwabtaka da ni. Shi Sarja bai san tarihi ba, ƙamshin banda ya sani. Tsalle ɗaya ya yi ya wafce faifan, ya nufi matattakalar da ke gangarawa rafi. Bakin zare na yatsan Donbok, faifai na bakin kare, tsakaninsu kuwa waƙa ta farko tana warwarewa a kan titi.

"Kada kowa ya taka! Kada a taka! Tarihi ne!"

Tasi biyu suka bi ta kan tarihi. Wata mai kayan miya da kwando a baya ta harɗe a ciki, tana zagi da yare uku. Zaren ya zagaye falwaya, ya bi ta ƙarƙashin motar ɗaukar gawayi, ya faɗa kwata. Bakanike ne ya ƙwato faifan a bakin rafi, bayan ya ba Sarja rabin abincin ranarsa. Ni kuwa ina ƙofar shago ina riƙe da ƙugu, ga dariya ga takaici, don na tuna fuskar Kong Rilang.

Aka tattaro abin da ya tattaru a cikin bokiti. Waƙa ta farko ta tafi sai wata rana, ta biyu saura rabi. Donbok ya wanke sauran da ruwan ɗumi, ya shanya a igiyar wankina, ya hahhaɗa da salatif.

"Ka tabbata ba ka juya wani guntun baya ba?" in ji Bah Lam.

"Lam, kai ganga ka sani, bugu da hayaniya. Bar wa masu kai aikinsu."

Ya aro tsohon injin kunna faifan zare na coci da kwamfutar ɗan 'yar uwarsa, ya tare a ɗakin da ke saman shagona, ya rubuta a ƙofa wai ba a shiga. Ranar da na kai masa shinkafa da nama, na same shi ya ƙura wa allo ido, lasifika a kashe.

"Bah, ba ka kunna ba ai."

"Kong Daphi, an wuce wannan zamanin. Yanzu sauti gani ake yi. Kin ga wannan gashi-gashin da ya cika allo? Datti ne. Dubi." Ya danna wani abu, gashi-gashin ya ɓace. "Tas!"

Da yamma ya kira Bah Lam ya ji waƙa ta uku, ni ma na bi bayansa. Aka kunna. Bah Lam ya karkata kai dama, ya karkata hagu.

"Donbok, ruwan saman fa? Ina ka kai shi?"

"Na share."

"Ka share? Sunan kaset ɗin Ruwa a Kan Kwano!"

"To ai na gyara rufin. Shekara arba'in yana yoyo."

"Farantan gangata kuma fa? Ko ɗaya ban ji ba."

"Sun bi ruwan. Dama damun mutane suke yi."

Muryar marigayi kuwa ta koma kamar ta wanda aka lulluɓe da bargo uku. Da Bah Lam ya faɗa masa, sai ya ce ai wannan mai sauƙi ne, ya kama murɗa siririn sauti sama. Ya murɗa, ya murɗa, har ya kai inda kunnensa shi ya fara ji. Kafin nan kofunana da ke shago a ƙasa sun fara rawa a kan kanta, haƙorana sun mutu, Sarja ya bar unguwar bai dawo ba sai bayan kwana biyu.

"Yauwa!" in ji Donbok yana murmushi. "Yanzu ne ya fito."

Saura maganar tsawo, tunda kare ya ci waƙa ɗaya da rabi. Ana saura kwana uku taron ƙaddamar da faifan sai ga shi ya sauko da gudu kamar ya tsinci zinariya. Wai can cikin faifan, bayan waƙa ta ƙarshe, inda haƙorin Sarja bai kai ba, akwai minti goma sha ɗaya da ba a taɓa fitarwa ba.

"A allo na gani. Ƙananan zane-zane da farko, surutun 'yan kiɗa ke nan, mutane suna son irin wannan. Sai kuma wani dogon tudu, jita zalla. Ni ne! Ashe an ɗauke ni ina gwaji ban sani ba."

Bah Lam ya miƙe tsaye.

"Ka saurara?"

"Na gani na ce maka."

"Donbok, don girman Allah bar ni in ji tukuna."

"A'a! Don ka je ka baza a gari? Na san ka da hassada tun muna samari. Ranar Asabar ka ji tare da kowa."

Bah Lam ya koma ya zauna. "Kong Daphi," ya ce, "ƙaro min shayi, mai ƙarfi."

Donbok bai sami lokacin wanke wannan minti sha ɗaya ba. Haka ya liƙa shi a ƙarshe, ya sa masa suna Donbok Shi Kaɗai da Jitarsa, ya kwana biyu yana kwafar faifai ɗari uku. A jikin kwalin kansa ya fi na sauran ukun girma idan an haɗa su.

Ranar Asabar da ƙarfe uku zauren unguwa ya cika har taga. Tsofaffin 'yan rok sun zaro rigunan fatarsu masu warin akwati, ga mai unguwa, ga fasto, ga 'yan jarida biyu. Matasan da za su yi kiɗa bayan taro sun jingine jitocinsu a bango. A kan tebur an ninke jan mayafin girmamawa da za a yafa wa Donbok. Kong Rilang ta zauna can baya kusa da ni, jakarta a cinya. Ana ta yayyafi a waje.

Donbok ya yi jawabin minti arba'in, ya ambaci sunan marigayi sau ɗaya. Sannan ya koma bayan lasifika, gaban kwamfuta, ya danna.

Ni dai ban taɓa ganin mutum ɗari huɗu sun ɗaga kafaɗa lokaci guda ba sai ranar. Wata jaririya ta tsala ihu. Waƙa ta biyu ta fara daga tsakiya, ta yi tsalle, sai ga marigayi yana waƙa da baya, don guntun nan dai a juye aka liƙa shi. Fasto ya laluba ya rungume littafinsa. Da aka zo wurin jitar nan da muke ji da ita, babu ruwa babu komai, sai wani fito kamar butar shayi ta tafasa. Mutane suka daure saboda marigayi. Na saci kallon Kong Rilang, na ga ta runtse ido, hawaye na bin kumatunta. A nan dariyata ta ɗauke, na ji kamar in tashi in kwaɗa masa ludayi.

"Yanzu kuma," in ji Donbok a makirfo, "abin da kunne bai taɓa ji ba!"

Sai ruwa ya sauko. Ba na waje ba, na cikin faifan, ruwan 1982 yana dukan kwano, sauti mai ɗumi, garau. Zaure ya sauke numfashi. Sai muryar Bah Banshan, da ransa da ƙuruciyarsa, kamar yana tsaye a gabanmu:

"Tsaya, tsaya! Donbok, sau goma sha huɗu ke nan. Ajiye jitar nan, je ka sayo mana goro, baki ya bushe."

Aka ji ƙofa ta rufe. Aka ji dariyar Bah Lam.

"Auta!" in ji marigayi. "Bar wanke-wanken nan. Zo ki kaɗa mana yadda kike yi idan kin zaci babu kowa a gida."

Sai muryar yarinya, siririya: "Yaya, idan Mama ta ji na taɓa kiɗan shaiɗan, kashe ni za ta yi."

"Babu mai ji. Sunan Donbok za mu sa."

Kawuna suka fara juyowa baya, sahu bayan sahu. Shi kuwa gogan bai ji ko harafi ba. Idonsa na kan allo yana jiran tudunsa. Tudu na isowa ya yi tsalle ya fito tsakiyar dandamali, ya rufe ido, ya turo ƙugu gaba, ya kama kaɗa iska. Jita na kuka, ruwa na zuba, Bah Donbok na murza yatsun nan da ƙofar tasi ta datse, duka goman lafiya lau. Har durƙusawa ya yi a kan gwiwa ɗaya, da kyar ya tashi.

Jita ta yi shiru. A faifai ƙofa ta buɗe, sai muryar saurayi Donbok yana haki:

"Ga goron. Mu sake gwadawa?"

Marigayi ya ce, "An gama. Auta ta yi. Idan an tambaye ka, ka ce kai ne."

Sai Donbok ya ce, "To... ai dama haka na so in kaɗa shi."

Zaure ya fashe. Wasu na dariya har da faɗuwa daga benci, wasu na tafi, tsofaffin nan masu rigar fata suna share ido. Donbok ya ji ƙasa na girgiza, ya sunkuya ya yi gaisuwa sau uku, hannu a ƙirji. Da ya ɗago ya buɗe ido, sai ya ga ƙeyar mutum ɗari huɗu. Kowa ya juya baya yana tafa wa Kong Rilang.

"Me ya faru?" ya tambayi Bah Lam. "Wani ne ya suma?"

Bah Lam ya kama kunnensa, ya faɗa masa da ƙarfin da har na waje sun ji. Na ga fuskar mutumin nan ta zube. Na rantse da na so in ji daɗi, don shekara arba'in ina hana tsofaffi masu ciwon ƙafa kujerar murhu saboda shi. Amma ganin dattijo tsaye shi kaɗai a dandamali yana murza hula ba abin daɗi ba ne.

Mai unguwa ya ɗauki jan mayafi, ya wuce ta gabansa, ya taka har baya ya yafa wa Kong Rilang. Wata budurwa cikin 'yan kiɗa ta kawo jitarta ta ɗora mata a cinya. Ta ce a'a, ta tsufa, an ce sai ta yi. Ta miƙa mini jakarta, ta murɗa igiya biyu, ta gwada da babban yatsa. Ashe duk shekarun nan ba ta daina ba, idan ta rufe ƙofa.

Kafin ta fara ta ɗago kai. Donbok ya sauko yana tsaye a gefe, ya rasa inda zai sa kansa.

"Kong," ya ce da wata 'yar murya, "me ya sa ba ki faɗa min yana ciki ba?"

"Na ce ka saurara har ƙarshe. Shekara arba'in na rufa maka asiri, kai ka kwafe shi sau ɗari uku." Ta faɗa da ƙarfi yadda zai ji. Sannan ta duba jama'a, ta duba shi. "Baki ya bushe, Bah. Je ka sayo mana goro."

Ya kuwa tafi, cikin yayyafi, ko laima bai ɗauka ba. Ƙofa na rufuwa ta fara.

Faifan nan ɗari uku sun ƙare kafin Litinin. Babu mai sauraron waƙoƙin da ya wanke, kowa na ƙarshen yake dannawa. Na ɗauka ba zan sake ganinsa ba. Ranar Laraba sai ga shi ya shigo, ya tarar da Bah Lam a kujerar murhu, ya ja benci kusa da ƙofa, ya tara wasu baƙi 'yan Guwahati.

"Ku tambayi kowa," yake ce musu. "Ba don na fita sayen goron nan a daidai lokacin ba, da babu wannan waƙa. Sanin lokacin fita, shi ne kiɗa."

Na dire masa kofinsa, na sunkuya daidai kunnensa.

"Tunda ka iya, Bah, goron shago ya ƙare."